Waiwaye: Yadda dabarar wucin gadi ta maye gurbin gyara a manhajojin kula da uwar garke

Duk lokacin da aka bankaɗo wata sabuwar kafa a manhajar da ake sarrafa uwar garke da ita, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai tana yi wa sauran kwamfutoci hidima, muhawarar ɗaya ce take dawowa. Wasu su ce laifin masu ƙera manhaja ne da ke sakinta da lahani, wasu su ce na ma'aikatan da ba sa ɗora gyara a kan lokaci ne. Kowane ɓangare yana magana kamar jiya abin ya faro, alhali ya daɗe yana ruruwa.

Farkon labarin sananne ne. A watan Nuwamba na 1988 tsutsar Morris, wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta, ta bi ta kafofin manhajojin Unix ta durƙusar da dubban kwamfutoci. A wancan zamani da telnet ake shiga uwar garke daga nesa, kalmar sirri na tafiya tsirara a kan waya, sai a 1995 Tatu Ylönen na ƙasar Finland ya fito da SSH da ke lulluɓe ta. Manyan kafofin tsaro biyu kuwa, Heartbleed na 2014 da Log4Shell na Disamba 2021, an yi ta ruwaito su har an gaji.

Shekarar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce 2013, kuma a ganina a nan al'amarin ya karkata.

A jikin allon mafi yawan uwar garke akwai wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai zaman kanta da ake kira BMC. Tana da nata tsarin aiki da tata hanyar sadarwa, kuma muddin wayar wuta na jone, tana aiki ko da an kashe babbar na'urar. Da ita ma'aikaci yake kunna uwar garke ko ya kashe ta daga wata ƙasa, ya ga allonta, ya goge duk abin da ke ciki ya sake ɗora sabo. Amfaninta ba ƙarami ba ne, domin ita ta raba mutane da tashi tsakar dare zuwa cibiyar adana bayanai don danna maɓalli ɗaya. Ƙa'idar da ake magana da ita da BMC sunanta IPMI, ta fito a 1998, zubi na biyu kuma a 2004.

A 2013 mai binciken tsaro Dan Farmer ya zauna ya duba wannan ƙa'ida, ya fito da abubuwa masu tayar da hankali. Akwai wani salon shiga da ake kira cipher zero, wanda idan a kunne yake, sanin sunan mai asusu kawai ya isa, ko wace kalmar sirri aka rubuta sai ƙofa ta buɗe. Na biyun ya fi muni. A tsarin tantancewa na zubi na biyu, da zarar wani ya nemi shiga, BMC ce take fara miƙo masa rikitaccen hoton kalmar sirrin tun kafin ya tabbatar da ko shi wane ne. Sai ya ɗauke shi ya koma gefe, ya sa na'urarsa ta yi ta gwada kalmomi har ta dace, ba tare da wani ya ji motsinsa ba.

Abin lura shi ne wannan ba kuskuren mai rubuta manhaja ba ne da za a ce a sake masa layi biyu. Haka ƙa'idar take a rubuce, duk na'urar da ta bi ta sau da ƙafa to tana da lahanin. Tun ran gini tun ran zane. An ba matsalar lamba, CVE-2013-4786, aka kuma ba da shawara: a ware hanyar sadarwar BMC daban, kada ta leƙa intanet, a toshe mashiga ta 623 da IPMI ke bi, a kashe cipher zero, a sa doguwar kalmar sirri. Shawara ce mai kyau, har yau ita ake bi. Sai dai daga nan nauyin ya tashi daga kan tsarin ya koma wuyan ma'aikaci ɗaya da ke kula da ɗaruruwan na'urori, kuma kowa ya amince da hakan. A rahoton da Farmer ya fitar a 2014, ya nuna akwai BMC sama da 230,000 a buɗe ga kowa a intanet.

Tun daga nan shafin "sanannun matsaloli" da ke biyo kowane sabon zubi ya zama wurin da lahani ke samun mazauni. Ma'aikaci ya rubuta ɗan umarni da zai riƙa sake tayar da manhajar kowane dare saboda tana cinye ma'adana, ko ya kashe duba takardar shaidar tsaro don allon sarrafawa ya yarda ya buɗe, ko ya ajiye tsohuwar kwamfuta mai tsohon Java a lungu domin da ita kaɗai ake iya shiga wasu na'urori. Bayan shekara uku ya bar aikin, wanda ya gaje shi ya tarar da umarnin bai san dalilinsa ba, yana kuma tsoron taɓawa. Ban ga laifin ko ɗayansu ba, aiki ne ba ya jira.

Log4Shell ya nuna iyakar wannan hanya. Dabarar farko da aka yaɗa, ta kunna wani saiti da zai hana manhajar bin adireshin da aka cusa mata, cikin kwanaki aka gano ba ta rufe ko'ina ba. Waɗanda suka yi ta suka koma barci sun kwana da ƙofa a buɗe, sai da sababbin zubi suka biyo baya a jere.

An ɗan motsa, gaskiya. A 2015 ƙungiyar DMTF mai tsara ƙa'idojin kula da kwamfutoci ta fitar da sabuwar ƙa'ida mai suna Redfish don ta gaji IPMI. Dokar jihar Kalifoniya da ta fara aiki a Janairu 2020 ta hana sayar da na'urori masu kalmar sirri iri ɗaya daga masana'anta, a 2023 kuma hukumar CISA mai kula da tsaron intanet a Amurka ta umarci ma'aikatun tarayyar Amurka su janye allunan sarrafawa daga intanet. Amma uwar garke na yin shekaru tana aiki, wadda aka sallama a nan ana sake sayar da ita a can, kuma na'urori da yawa masu Redfish har yanzu suna ɗauke da IPMI a gefe saboda tsofaffin kayan aiki da suka dogara da shi.