Dokar kilomita 80 a Faransa

Dokar kilomita 80 mataki ne da gwamnatin Faransa ta ɗauka na rage iyakar gudun mota daga kilomita 90 zuwa kilomita 80 a awa ɗaya a kan hanyoyin da ke wajen gari, waɗanda motoci ke zuwa da komowa a kansu ba tare da shinge a tsakiya ba. Ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2018, lokacin da Édouard Philippe yake firaminista, kuma ta shafi hanyoyi masu tsawon kimanin kilomita 400,000. Manyan hanyoyin da ake kira otorut, inda iyaka take kilomita 130, da tagwayen hanyoyi masu iyakar 110, dokar ba ta taɓa su ba. Na'urorin radar masu ɗaukar hoto da kansu su ne babban makamin tilasta ta, shi ya sa fushin jama'a a kan dokar ya sauka a kan na'urorin.

Tarihin iyakar gudu a ƙasar

Tun motoci suna 'yan ƙalilan aka fara yi musu linzami. A 1893 shugaban 'yan sandan Paris, Louis Lépine, ya fitar da umarnin da ya ƙayyade kilomita 12 a cikin gari, 20 a wajensa. Ana yawan ba da labarin cewa Duchesse d'Uzès, ɗaya daga cikin matan farko da suka sami takardar tuƙi a ƙasar, an ci ta tara a wajejen 1898 saboda ta wuce wannan iyaka a dajin Boulogne. Dokar ƙasa ta 1899 ta ɗaga adadin zuwa 20 a gari da 30 a karkara. A farkon shekarun 1920 aka cire iyakar ga ƙananan motoci, aka bar wa direba hukuncin kansa, da sharaɗin ya riƙa iya sarrafa motarsa a kowane hali. Cikin gari aka dawo da iyakar kilomita 60 a 1954, amma hanyoyin karkara suka ci gaba da zama ba iyaka ta dindindin har kusan shekara ashirin bayan haka.

Abin da ya sauya lamarin shi ne yawan gawawwaki. A 1972 mutum fiye da 16,000 suka mutu a hanyoyin Faransa bisa lissafin wancan zamani, wanda yake ƙirga waɗanda suka cika a cikin kwana shida bayan haɗari. Idan aka bi lissafin yanzu na kwana talatin, adadin ya kai kusan 18,000, kuma ƙasar ba ta taɓa ganin shekara mai muni kamarta ba. A wannan shekarar firaminista Jacques Chaban-Delmas, wanda matarsa ta rasu a haɗarin mota a 1970, ya kafa kwamitin ministoci kan tsaron hanya, aka naɗa Christian Gerondeau ya jagoranci aikin. A watan Mayun 1973 mutanen garin Mazamet da ke kudancin ƙasar suka fito suka kwanta a kan titunansu ana ɗaukar su hoton talabijin. An zaɓi garin ne domin yawan mazaunansa ya yi daidai da yawan waɗanda hanya ta ci a shekarar da ta gabata.

Daga 1 ga Yuli, 1973 aka tilasta ɗaura bel a kujerun gaba a wajen gari, aka kuma sa iyakar gudu a hanyoyin karkara. Tsadar man fetur da ta biyo bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban wannan shekara ta ba gwamnati hujja ta biyu, sai aka sauko da iyakar zuwa 90 a Disamba. Bayan 'yan gyare-gyare, a ƙarshen 1974 tsarin ya tsaya a 130, 110 da 90, kuma haka ya zauna sama da shekara arba'in. Iyakar cikin gari ta koma 50 a Disamban 1990. A 1992 aka shigo da lasisin tuƙi mai maki, inda wasu laifuka ke zaftare wani abu daga maki 12 na direba, idan suka ƙare lasisin ya mutu.

Zuwan radar mai sarrafa kansa

Doka a takarda daban, bin ta daban. Har zuwa farkon shekarun 2000, kama mai gudu ya dogara ne da jandarma ko ɗan sanda da ke tsaye bakin hanya, kuma sananne ne cewa takardun tara da yawa suna ɓacewa idan mai laifi ya san wani babba. Akwai ma al'adar yafe ƙananan laifukan hanya bayan kowane zaɓen shugaban ƙasa, abin da ke sa direbobi sakin jiki idan zaɓe ya ƙarato.

Ranar 14 ga Yuli, 2002, Shugaba Jacques Chirac ya sanya tsaron hanya cikin manyan ayyuka uku na wa'adinsa, tare da yaƙi da cutar kansa da kula da naƙasassu. Dokar 12 ga Yuni, 2003 ta share fagen hukunci ta hanyar na'ura, sannan ranar 27 ga Oktoba, 2003 aka ƙaddamar da radar na farko a La Ville-du-Bois, kudu da Paris, a kan babbar hanya mai lamba 20. Nicolas Sarkozy, ministan cikin gida na lokacin, da Gilles de Robien na sufuri ne suka buɗe shi. Cikin 'yan kwanaki wasu suka lalata shi.

Ba Faransa ce ta ƙirƙiro wannan fasaha ba. Ana danganta asalinta ga Maurice Gatsonides, ɗan ƙasar Holan mai tseren mota, wanda ya lashe gasar Monte Carlo a 1953 kuma ya ƙera na'urar auna gudu don amfanin tuƙinsa kafin hukumomi su karɓe ta. Birtaniya ta riga Faransa girka kyamarorin da kimanin shekara goma. Abin da Faransa ta yi dabam shi ne haɗa dukkan sarƙar wuri guda, daga hoto har zuwa biyan tara, ta yadda ba inda hannun mai alfarma zai shiga. Tasirin ya bayyana da wuri: mace-mace sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar tsakanin 2002 da 2003, tun ma kafin na'urorin su yawaita, domin tsoronsu ya riga su isa. A 2010 adadin ya sauka ƙasa da 4,000, a 2013 ya kai 3,268.

Yadda na'urar take aiki

Mafi yawan radar na bakin hanya suna aika igiyar rediyo zuwa ga motar da ke tafe, igiyar ta bugi motar ta dawo da ɗan sauyi a mitarta, daga wannan sauyi ake gane saurin motar. Wannan ka'ida ce da masanin kimiyyar Ostiriya Christian Doppler ya bayyana a 1842. Wasu sababbin na'urori suna amfani da hasken leza. Idan gudun ya wuce iyaka, kyamara ta ɗauki hoton lambar motar, a aika shi a ɓoye ta layin sadarwa zuwa cibiya guda da ke birnin Rennes. A can kwamfuta ke karanta lambar, jami'an 'yan sanda da jandarma su tabbatar, sannan a aika takardar tara ta gidan waya zuwa adireshin wanda sunansa ke kan takardun motar. Hukumar ANTAI, wadda aka kafa a 2011, ita ke kula da wannan aiki.

Ana yi wa direba rangwame saboda kuskuren awo. A radar na kafe, ana cire kilomita 5 daga abin da na'ura ta karanta idan gudun bai kai 100 ba, ko kashi 5 cikin ɗari idan ya wuce. Wato a hanyar kilomita 80, sai na'ura ta karanta 86 kafin tara ta hau kan mutum. Radar da ke cikin mota mai tafiya rangwamensa ninki biyu ne.

Wanda ya wuce iyaka da ƙasa da kilomita 20 a wajen gari zai biya Yuro 68, ko 45 idan ya biya da wuri. A cikin gari tarar Yuro 135 ce. Yawan makin da ake zaftarewa yana ƙaruwa da girman laifin, daga ɗaya har zuwa shida ga wanda ya wuce da kilomita 50 ko fiye. Daga 1 ga Janairu, 2024 an daina cire maki ga wanda ya wuce da ƙasa da kilomita 5, amma tarar tana nan. Tun 2017 kamfanoni ba su da ikon biyan tara su rufa wa ma'aikacinsu asiri, dole su faɗi wanda ke riƙe da sitiyari.

Nau'o'in na'urorin sun yawaita da tafiyar lokaci. Akwai masu kama wanda ya tsallake jan danja, da masu auna matsakaicin gudu tsakanin wurare biyu, waɗanda taka birki a gabansu ba ya amfani, da waɗanda ake ja a ajiye a wuraren gyaran hanya. Daga 2018, farawa da yankin Normandi, aka ba kamfanoni masu zaman kansu tuƙa motoci marasa alama da ke ɗauke da radar. Jimillar na'urorin ta haura 4,000. Mallakar na'urar gano radar laifi ne, kuma manhajojin waya ba a yarda su nuna ainihin inda radar yake ba, sai dai su ce an shiga wuri mai haɗari.

Matakin 2018

Daga 2014 mace-mace suka sake hawa: 3,384 a wannan shekara, 3,461 a 2015, 3,477 a 2016. Fiye da rabinsu a kan hanyoyin karkara marasa shinge suke faruwa, inda karo gaba da gaba da afka wa bishiya suka fi yawa. Ministan cikin gida Bernard Cazeneuve ya sa an gwada kilomita 80 a kan sassa uku na hanya tsakanin 2015 da 2017, jimillarsu kimanin kilomita 80, gwajin da daga baya masu adawa suka ce ya yi ƙanƙanta a gina doka a kansa.

Ranar 9 ga Janairu, 2018 Édouard Philippe ya sanar da matakin, yana mai cewa ya yarda da baƙin jini in dai za a ceci rayuka. Gwamnati ta yi hasashen ceto mutum 300 zuwa 400 a shekara. Hujjarta ta kimiyya ita ce ƙarfin karo yana ƙaruwa da ninkin gudu a kan kansa, kuma binciken Göran Nilsson na ƙasar Suwidin ya nuna cewa ragin kashi ɗaya cikin ɗari a matsakaicin gudu yana rage haɗurran da ke kisa da kusan kashi huɗu. Hukumar tsaron hanya ta ce mota mai gudun 80 tana tsayawa mita 13 kafin mai gudun 90. An bar 90 a wuraren da aka ƙara layi don wuce wata mota, kuma an yi alkawarin cewa rarar kuɗin tara za ta tafi ga cibiyoyin jinyar waɗanda suka ji rauni a hanya.

Adawa da lalata na'urori

Ƙungiyar masu motoci ta 40 millions d'automobilistes da ƙungiyar masu babura ta FFMC sun yi zanga-zanga tun kafin dokar ta fara aiki, haka ma shugabannin gundumomin karkara da dama. Kokensu shi ne mutanen Paris masu jirgin ƙasa a ƙofar gida sun yanke wa mutanen ƙauye hukunci, alhali su ba su da abin hawa sai mota, kuma radar hanyar tatsar kuɗi ce kawai. A ɗaya ɓangaren, ƙungiyar Ligue contre la violence routière, mai yaƙi da haɗurran hanya, ƙarƙashin Chantal Perrichon ta daɗe tana neman a yi wannan ragi. Ko cikin gwamnati kai bai haɗu ba, domin ministan cikin gida Gérard Collomb ya ƙi faɗin ra'ayinsa da aka tambaye shi a bainar jama'a.

Da boren masu riguna masu ruwan ɗorawa ya ɓarke ranar 17 ga Nuwamba, 2018 a kan ƙarin harajin mai, dokar 80 na cikin abubuwan da suka rura wutar. An rufe radar da leda, an shafe su da fenti, an ƙona wasu. A Janairun 2019 ministan cikin gida Christophe Castaner ya ce kusan kashi 60 cikin ɗari na radar na kafe an lalata su ko an toshe su. Irin wannan ya taɓa faruwa a yankin Bretagne da ke yammacin Faransa a 2013, lokacin boren masu jajayen huluna, amma bai kai wannan girma ba. Bayan haka aka ƙara girka radar a saman dogayen turaku inda hannu ba ya kai wa da sauƙi.

Sakamako da sassauci

Mace-mace sun sauka daga 3,448 a 2017 zuwa 3,248 a 2018, sannan 3,244 a 2019. Cibiyar bincike ta gwamnati, Cerema, ta fitar da rahoto a Yulin 2020 inda ta ƙiyasta cewa an ceci rayuka 349 a cikin wata 20 na farko. Ta ce matsakaicin gudu ya ragu da kilomita uku zuwa huɗu ne kawai, kuma lokacin tafiya ya ƙaru da kimanin daƙiƙa ɗaya a kowace kilomita. Masu adawa sun ƙi amincewa da hanyar lissafin. Kullen annobar korona ya rikita alƙaluman 2020.

Dokar sufuri ta Disamban 2019 ta ba shugabannin gundumomi ikon mayar da 90 a hanyoyinsu bayan sun nemi shawarar kwamitin tsaron hanya. Haute-Marne ce ta fara a Janairun 2020. Wasu kamar Corrèze da Cantal sun mayar da kusan dukkan hanyoyinsu, wasu sun zaɓi 'yan kaɗan, kuma kimanin rabin gundumomin ƙasar sun yi amfani da damar. Inda ba a kafa allon 90 ba, iyaka tana nan a 80.

Cikin birane

Wasu birane ma sun rage iyakar gudu: Grenoble ta koma kilomita 30 a mafi yawan titunanta a 2016, Paris ta bi sahu ranar 30 ga Agusta, 2021. Hanyar da ta kewaye Paris an rage ta daga 80 zuwa 70 a 2014, sannan zuwa 50 a Oktoban 2024.