Wasannin Bidiyo na 2D da na 3D

Wasannin bidiyo, waɗanda matasan Katsina suka fi kira gem, sun kasu gida biyu dangane da yadda hoto yake fitowa a allo. Na 2D hotonsu a shimfiɗe yake, tsawo da faɗi kawai gare shi, ɗan wasa yana yin hagu ko dama, sama ko ƙasa. Na 3D sun ƙara zurfi: ana kutsawa cikin fili, a waiwaya, a zagaya gini a ga bayansa.

Tarihi

Da 2D aka fara, don iyakar ƙarfin na'urorin farko ke nan. Pong, wanda kamfanin Atari na Amurka ya fitar a 1972, sanduna biyu ne da ɗigo guda yana kai-komo a tsakaninsu. Daga Japan sai Space Invaders ya zo a 1978, Pac-Man a 1980. A 1985 Nintendo ta fitar da Super Mario Bros., inda allo yake gungurawa gefe yayin da ɗan wasa yake gudu da tsalle, salon da ya mamaye kasuwa kusan shekara goma. Sega ta mayar da martani da Sonic a 1991, shekarar da Street Fighter II ya fito. Mortal Kombat na 1992 hotunan mutane na gaske aka ɗauka aka mayar da su mayaƙa, amma duk da haka a shimfiɗe suke.

An daɗe ana gwada zurfi. Battlezone na 1980 da zallar layuka ya zana tankokin yaƙi. Doom na 1993 ya sa mutum ya ji kamar a cikin lungu yake tafiya, alhali dodannin cikinsa zane ne shimfiɗaɗɗe. A shekarar ne kuma Sega ta fitar da Virtua Fighter mai mayaƙa masu cikakken jiki. Babban sauyi ya zo da PlayStation ta Sony a Disambar 1994, sannan Super Mario 64 a 1996, wanda na'urarsa ta Nintendo 64 ta zo da ɗan sandan da ake murzawa da babban yatsa a bi kowace kusurwa. Grand Theft Auto III na 2001 ya buɗe birni guda sukutum a yi yawo a ciki.

Yadda ake gina su

A 2D mai zane yana zana kowane motsi daban, na'ura ta jera su da sauri. A 3D kuwa ana haɗa jikin mutum ko mota da ɗimbin ƙananan alwatika, a lulluɓe su da launi, sannan na'ura ta lissafa haske da inuwa da wurin da kyamara take, wato kusurwar da ɗan wasa yake kallon filin daga gare ta, galibi sau 30 ko 60 a daƙiƙa guda. Wannan lissafi ne yake sa waya ɗaukar zafi da shanye caji.

Fifikon kowanne

Ƙarfin 2D a bayyane yake: duk abin da zai cutar da ɗan wasa yana gaban idonsa. In ya faɗa rami, ya san shi ya yi kuskuren tsalle. Yaro ɗan shekara shida yakan gane maɓallan kafin a gama yi masa bayani. Zanensa ma ba ya saurin tsufa. Mario na 1985 har yau yana kalluwa, yawancin wasannin 3D na farko kuwa fuskokin mutanensu sun zama masu kusurwa, ba kyan gani. Kuma 'yan mutane kaɗan suna iya ƙera shi, kamar yadda aka gani a Hollow Knight da Cuphead, dukansu na 2017.

Shi 3D abin da yake bayarwa shi ne fili da 'yancin yawo, wanda tseren mota da wasan harbi suke buƙata. Matsalarsa kyamara: takan maƙale a bango ko ta ɓoye abokin gaba, kuma auna nisan tsalle yana da wuya. Wasu mutane ma jiri yake sa su.

A Katsina da Daura

A wajajen shekarun 1990 na'urori masu kaset, irin waɗanda aka kwaikwayi Famicom ta Nintendo, su ne suka shiga gidaje, kaset ɗaya ɗauke da tarin wasanni. Mutane da yawa kuma a wayar Nokia suka fara gem, da wasan macijin nan da yake ƙara tsawo in ya ci abinci. Daga baya gidajen gem suka yawaita a unguwanni: shago, benci, talabijin biyu ko uku, janareta a bakin ƙofa, ana biya a buga, wanda aka ci ya miƙa fad, wato abin dannawa da ake riƙewa a hannu, ga na gaba. Ƙwallo ce ta riƙe waɗannan shaguna, Pro Evolution Soccer na Konami da FIFA. Abin lura, duk da cewa 3D ne, masu bugawa sun fi son kyamarar gefe mai nisa wadda take shimfiɗa filin yadda za su ga wanda za su ba fasin.

Yau a waya, Ludo da Candy Crush suna tafiya a kusan kowace ƙaramar Android. PUBG da Call of Duty sai waya mai ƙarfi da data.

Saɓani

Ana jayayya kan inda za a ajiye wasanni irin Doom da waɗanda aka gina da 3D amma ake buga su a layi ɗaya. Wasu suna kiransu 2.5D.