Dillalin gidaje da filaye: me zai cire kafin a yanka masa haraji?

Sabuwar dokar haraji ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, ta fara aiki ne tun 1 ga Janairun 2026. Dillalan gidaje da filaye na cikin waɗanda hankalinsu ya fi tashi, domin kuɗi masu nauyi ne ke bi ta asusunsu, alhali sau da yawa abin da ke zama nasu bai taka kara ya karya ba. To, doka ba ta ce a yanka haraji a kan duk abin da ya shiga asusu ba. A kan riba ake yankawa, wato abin da ya rage bayan an cire abin da aka kashe wajen neman kuɗin.

Babban sharaɗin da dokar ta gindaya shi ne: kuɗin da za a cire ya kasance an kashe shi kacokan domin sana'ar, ba tare da an haɗa da wata buƙata ba. Hayar ofis ta shiga ciki. Haka albashin yaron da ke tsaron ofis yana kai masu neman haya ganin gida, da kuɗin allon da aka kafa a bakin fili, da tallan Facebook ko na rediyo, da mai ɗaukar hoto, da kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya idan daga aljihun dillali ya fito. Cefanen gida, kuɗin makarantar yara, gudummawar biki da ɗinkin sallah kuwa ba su shiga ba, ko da daga asusun ofis aka biya. Tarar da aka ci mutum don ya saɓa doka ma ba a cire ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne la'ada. Kowa ya san yadda ciniki ke tafiya a Kano ko Kaduna: wani ne ya san mai gida, wani ya kawo mai saye, ga na uku da ya haɗa su ta waya, ga kuma wanda ya raka su ya buɗe ƙofa. Idan aka sallama, la'adar sai ta faɗa asusun mutum ɗaya, shi kuma ya zauna a benci ya raba wa sauran, galibi tsaba, hannu da hannu. A idon jami'in haraji kuɗin nan duka nasa ne, sai idan ya nuna shaidar cewa ya ba wasu kasonsu. Kason da aka ba abokan dillanci kuɗi ne da aka kashe domin sana'a, kuma ana cire shi. Amma "wallahi mu huɗu muka raba" ba hujja ba ce a gaban hukuma. A tura wa kowa nasa ta banki, a rubuta wane gida ne ko wane fili, a ajiye takardar da kowa ya sa hannu. A ganina wannan ɗabi'a kaɗai ta fi duk wata dabara rage wa dillali haraji.

Kuɗin haya da dillali ke karɓar wa mai gida, ko kafin alƙalami da mai saye ya ajiye a hannunsa, su tun asali ba kuɗin shigarsa ba ne, amana ce. Sai dai idan sun cakuɗe da nasa a asusu ɗaya, shi ne zai sha wahalar tantancewa. Ware musu asusu daban ya fi sauƙi.

Mota da waya suna da ɗan sarƙaƙiya, saboda motar da ta kai mai saye ganin fili da safe ita ce ke kai yara Islamiyya da yamma. Kason man da gyaran da ya tafi a sana'a kawai ake cirewa, don haka littafin da ake rubuta fita da inda aka je yana da amfani. Kuɗin sayen motar kanta, ko kwamfuta, ko janareta, ba a cire shi gaba ɗaya a shekarar da aka saya. Ana raba shi ne kashi-kashi cikin shekaru.

Bayan an fitar da riba akwai rangwamen da kowane mutum ke da shi. An soke tsohon rangwamen bai-ɗaya, aka kawo na haya: kashi 20 cikin 100 na hayar gidan da mutum ke biya a shekara, amma kada ya wuce naira 500,000. Wanda ke zaune a gidan kansa ba shi da wannan. Ana kuma cire abin da mutum ya zuba a asusun fansho, da inshorar lafiya ta ƙasa, da asusun gidaje na ƙasa, da inshorar rai.

Mu ɗauki misali. A ce la'adar naira miliyan 9 ta shiga hannun wani dillali a shekara. Ya ba abokan dillanci miliyan 2.5, hayar ofis 600,000, mai da sufuri 900,000, talla da data 300,000, albashin yaro 700,000. Jimilla miliyan 5 ke nan, ribarsa miliyan 4. Yana biyan hayar gida miliyan 1, sai a cire masa 200,000, saura miliyan 3.8. Naira 800,000 na farko babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana yanka kashi 15 cikin 100, wato 330,000. Ragowar 800,000 kuma kashi 18, wato 144,000. Harajinsa ya tashi 474,000. Da ba shi da takardar komai aka lissafa masa a kan miliyan 9 ɗin, abin zai kai 1,410,000.

Akwai kuma kuɗin da ake cirewa tun daga tushe. Idan kamfani ko ma'aikatar gwamnati ce ta biya la'ada, za ta riƙe kashi 5 cikin 100 ta miƙa wa hukumar haraji da sunan dillalin. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin asara su manta da shi, alhali biyan farko ne daga cikin harajin da ke kansu. Idan a misalin nan wani kamfani ya biya miliyan 2 ya riƙe 100,000, abin da ya rage dillalin ya biya 374,000 ne, muddin ya karɓi takardar shaidar cirewar. Wanda ba shi da lambar shaidar biyan haraji kuwa ninki biyu ake riƙe masa.

Dillalin da ke aiki da sunansa, ko wanda sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, hukumar tattara haraji ta jihar da yake zaune zai je, kamar KIRS a Kano, KADIRS a Kaduna ko FCT-IRS a Abuja. Wanda ya kafa cikakken kamfani, lissafin kamfanin na hukumar tarayya ne, wato NRS da ta maye gurbin FIRS, kuma ƙa'idojinsa daban ne.

Ana miƙa bayanan kuɗin shigar shekarar da ta wuce kafin ƙarshen watan Maris. Wanda bai miƙa ba tarar naira 100,000 ce a watan farko, sannan 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Rasit da littattafan lissafi kuma doka ta ce a adana su aƙalla shekara 6. Idan babu su, hukuma na da ikon yi wa mutum ƙiyasi ta yanka masa abin da take ganin ya dace da irin sana'arsa.