Ba ɓauna ba ce ke shafa wa shanu bakkale a Yellowstone

Shekara da shekaru masu kiwo a jihar Montana ta Amurka suna ɗora wa ɓaunar gandun dajin Yellowstone alhakin bakkale, cutar nan da ke sa saniya ɓari. An yanka dubban ɓauna saboda wannan fargabar.

Amma rahoton Cibiyar Kimiyya ta Amurka na 2017 ya nuna wata babbar barewa, elk, ce ke kai wa garke cutar. Takan yi ɓari a wurin kiwo, saniya ta zo ta shinshina mabiyiyar ko ta lasa, shi ke nan ta ɗauka. Ita kuwa ɓaunar, baiwar Allah, daga shanu ta kwaso cutar tun farko. A 1917 aka fara gano ta a jikinta.