Tambayoyi da amsoshi kan yaƙin Khaibar

Ina ne Khaibar ɗin nan, kuma su wa ke zaune a cikinta?

Khaibar dausayi ne a arewacin Madina, tazarar kusan kilomita 150, a Saudiyya ta yanzu. Ƙasa ce mai baƙaƙen duwatsu amma akwai ruwa, shi yasa dabino ya yi yawa a wurin har Larabawa suna buga misali da dabinon Khaibar. Yahudawa ne mazaunanta, manoma ne kuma 'yan kasuwa, suna da dukiya suna da makamai, kuma ba gari ɗaya bane mai ganuwa ɗaya, unguwanni ne kowacce da nata gidajen tsaro a kan tudu, irin su Na'im da Sa'ab da Ƙamus da Waɗih da Sulalim.

To me ya kai musulmi can?

Nan ne mutane da yawa suke yin tsalle, sai kaji ana bada labarin kamar an wayi gari ne kawai aka ce a je a yaƙi yahudawa, alhali abin yana da tushe. A shekara ta 4 bayan hijira an fitar da Banu Nadir, wata ƙabilar yahudawa, daga Madina, manyansu da dama suka koma Khaibar, cikinsu har da Huyayyu bin Akhɗab da Sallam bin Abil Huƙaiƙ, kuma su ne suka je Makka suka je wurin ƙabilar Gaɗafan suka haɗo taron dangin da ya kewaye Madina a shekara ta 5, wato yaƙin gwalalo. Da aka yi sulhun Hudaibiyya da Ƙuraishawa a ƙarshen shekara ta 6 sai kudu ta lafa, arewa ce ta rage, kuma har lokacin ƙawancen Khaibar da Gaɗafan yana nan. Wannan shi ne abin da littattafan sira suka kawo. Gaskiya kuma ba za a ɓoye ba, akwai batun arziki, musulmi suna cikin yunwa a lokacin, Abdullahi bin Umar da kansa ya ce basu ƙoshi ba sai da aka ci Khaibar.

Yaushe aka fita, mutum nawa ne?

A Muharram na shekara ta 7 bayan hijira, 628 miladiyya. Kimanin mutum 1,400 ne, galibi waɗanda suka halarci Hudaibiyya, da dawakai wajen 200. Da dare suka iso, da gari ya waye mutanen garin suka fito da fartanyu da kwanduna za su gona sai suka ga runduna, suka ruga suka shige ganuwa.

Ya yaƙin ya kasance?

Ba karo ɗaya aka yi a fili ba, ƙawanya ce, ganuwa bayan ganuwa, makonni ana yi, ga kibau daga sama ga yunwa, har sahabbai suka yanka jakunan gida suka ɗora tukwane sai sanarwa ta zo cewa an haramta, aka kifar da tukwanen suna tafasa. Ni wannan wurin yana taɓa ni sosai wallahi, mutum da yunwa ga nama a wuta ya zubar saboda umarni.

Sai maganar tuta da kowa ya sani. Annabi (SAW) ya ce gobe zai ba da tuta ga mutumin da yake son Allah da Manzonsa, su ma suke sonsa, sahabbai suka kwana kowa yana fatan shi ne, da safe aka kira Sayyidina Aliyu (RA) yana ciwon ido, Annabi ya yi masa tofi ya warke. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne wasiyyar da ya yi masa, cewa ya tafi a hankali ya fara kiransu zuwa musulunci, domin Allah ya shiryar da mutum ɗaya ta dalilinsa ya fi masa jajayen raƙuma. A ruwayar Muslim shi ne ya kashe jarumin Khaibar Marhab, Ibn Ishaƙ kuma ya ce Muhammad bin Maslama ne. Shi kuwa labarin cire ƙofar ganuwa ya yi garkuwa da ita, malaman hadisi da yawa sun raunana shi. Adadin da ake ambata na matattu shi ne yahudawa 93, musulmi ƙasa da 20.

Da aka ci garin an kore su ne?

A'a, kuma a ganina nan ne zuciyar labarin. Su suka nemi a bar su su cigaba da noman tunda sun fi kowa sanin ƙasar, aka yarda bisa rabin amfanin gona, rabi nasu rabi na musulmi, da sharaɗin musulmi na iya fitar da su in sun so. Daga nan malaman fiƙihu suka kafa hujjar ba da gona ko garka ga mai aiki a raba amfani, in ka buɗe Muwaɗɗa ta Imam Malik babin musaƙat, wato babin irin wannan yarjejeniya, da hadisin Khaibar ya fara. A can ne ma aka kawo cewa Abdullahi bin Rawaha ne ake turawa yana ƙiyasta dabinon, wata rana aka tara masa kayan adon mata don ya sassauta, ya ƙi karɓa ya ce rashawa haram ce, kuma ƙin da yake musu bazai sa ya zalunce su ba, su da kansu suka ce da irin wannan ne sama da ƙasa suka tsayu. Mutanen Fadak, wani garin yahudawa kusa da Khaibar, su ma da suka ji sai suka nemi sulhu irin wannan ba tare da yaƙi ba.

Ina labarin guba da auren Nana Safiyya?

Wata mata Zainab bint Haris, wadda aka kashe mata dangi a yaƙin, ta kawo gasasshiyar tunkiya mai guba, Annabi ya tofar da lomar amma Bishru bin Bara'u ya haɗiye kuma ita ce ajalinsa. Ita kuma Nana Safiyya 'yar Huyayyu ce, tana cikin waɗanda aka kama, an kashe mijinta Kinana, Annabi ya 'yanta ta ya aure ta ta zama cikin iyayen muminai. A kwanakin ne kuma Ja'afar bin Abi Ɗalib ya dawo daga Habasha, Abu Huraira ma lokacin ya iso.

Har yaushe suka zauna?

Har zamanin halifancin Sayyidina Umar (RA). Bayan an kai wa ɗansa Abdullahi hari da dare a can an gurɗe masa hannuwa da ƙafafu, sai ya yi aiki da wancan sharaɗin, ya biya su ƙimar rabonsu na amfanin gona ya tashe su zuwa Taima da Ariha. Shi kuwa filin da Umar ya samu a Khaibar tun Annabi yana raye ya je neman shawara a kansa, aka ce ya riƙe asalin ya yi sadaka da amfanin, ba a sayarwa ba a kyautarwa ba a gado, kuma shi ne hadisin da ake kafa hukuncin waƙafi da shi.