Birkin baya yana riƙe taya, yana zafi, yana cin fad gefe ɗaya: ga amsoshin, a daina kirana da tsakar dare

Tunda damina ta sauka, kusan kullum sai an tare ni da maganar birkin baya, wani a bakin gareji, wani a waya, wani ma a ƙofar masallaci. Tambayoyin ba sa canzawa. Ga su nan a rubuce, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Oga, yaya zan gane birkin baya yana riƙewa?

Samu shimfiɗaɗɗiyar kwalta, ka sa motar a firi tana tafiya a hankali, ka ɗauke ƙafa. In ta tsaya da wuri kamar ana janta ta baya, akwai magana. Bayan ka yi 'yar tafiya, ka kusantar da bayan hannunka ga rim na hagu da na dama, ka kwatanta. Kusantarwa na ce. Wanda ya ɗora yatsa a kan dis, wato faifan ƙarfen da birki ke matsewa, ya ƙone, shi ya so. Sauran alamun: ƙauri, baƙar ƙura a rim ɗaya, da mai da ke saurin ƙarewa.

Ai birki dama yana zafi, ko ba haka ba?

Yana yi. Amma na gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin, domin nauyin mota gaba yake komawa idan ka taka. In na baya ya fi na gaba zafi, ko tayar baya ɗaya ta fi 'yar'uwarta, ba lafiya ba.

In zuba masa ruwa ya huce?

A'a. Ƙarfe mai zafi in ya ji ruwan sanyi farat ɗaya yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Ka faka a gefe, kada ka ja hambirki, ka sa giya ka tokare taya da dutse, ka jira.

Na canza fad wata biyu da suka wuce, ga shi ya sake cinyewa. Jabu aka sayar mini?

Wataƙila. Jabun kaya ba su ƙare a kasuwa ba. Amma Alhaji, in gefe ɗaya kawai ya cinye, ka bar jaki kana dukan taiki. Fad, wato abin da ke goga dis ya tsayar da taya, bai san hagu da dama ba, abin da ke danna shi ne bai saki ba. Kai ne ka ce wa yaro ya canza maka fad cikin minti goma kana sauri za ka Kwangila a nan Zariya, ba ka bari an zare fin an duba ba, ba ka bari an goge tsatsa ba. Yanzu kuma kana neman kuɗinka a wurin mai shago.

Fad na ciki ya ƙare ƙaf, na waje kamar sabo. Me ya kawo haka?

Kalifa ita ce ƙarfen da ya rungumi dis yake matse fad. Ta bayan yawancin motocinmu fistin ɗaya gare ta, a ɓangaren ciki. In ka taka birki, fistin ya tura fad na ciki, sai jikin kalifa ya zame a kan fin guda biyu ya jawo na waje. In fin ɗin nan suka maƙale, kalifa ba ta motsi, na ciki shi kaɗai ke aiki. Haka ma in fistin ne ya yi tsatsa ba ya komawa. In na waje ne ya fi cinyewa, kalifar tana zuwa ne ba ta dawowa, nan ma fin za a fara dubawa. In kuma fad ya cinye a karkace, bakinsa ɗaya siriri ɗaya mai kauri, to fin ɗaya ne ya kafe, ko kuma kunnuwan fad sun cije a mazauninsu saboda tsatsa.

Dalilin kafewar ba ɓoyayye ba ne. Kowane fin yana da 'yar robar da ke hana ruwa da ƙura shiga. Ta tsage, ka bi kududdufan Tudun Wada da Sabon Gari a watan Agusta, hunturu ya zo ya ƙara da ƙura, shi ke nan. Fin mai lafiya da yatsu biyu ake turawa ya shiga ya fito. Wanda sai an sa guduma, ya mutu.

Wane giris za a shafa wa fin?

Girisin birki, mai silikon. Ba na boris ba, ba baƙin mai ba. Waɗannan suna kumbura roba, bayan 'yan makonni fin ya kafe fiye da da. Kuma kada ko ɗigo ya taɓa fuskar fad.

Oga, tawa daban ce. Da safe taya tana juyawa lafiya lau. In na ɗauki hanyar Kaduna, kafin in kai Jaji tayar baya ta dama ta ɗau zafi tana ƙauri. In na tsaya ta huce, sai ta saki. An canza fad, an canza kalifa, ba ta daina ba.

To, wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna. Kuma tun farko in gaya maka, ba zan yanke hukunci a kan motar da ban sa hannu a kanta ba. Abin da zan ba ka hanya ce ta rarrabe masu laifi, ba suna ɗaya ba.

Sharaɗin farko: a gwada ta tana da zafi, tana cikin riƙewa. Yawancin masu irin matsalarka suna kai mota gareji da sassafe, bakanike ya ɗaga, ya juya taya, ya ce lafiya take. Gaskiya ya faɗa, a lokacin lafiya take. Ka zagaya da ita har ta kama, ka shigo, a ɗaga nan take. A tokare ta da abin tokara mai ƙarfi, kada kowa ya dogara da jak shi kaɗai.

Taya tana sama ba ta juyawa, sai a sassauta ɗan nonon da ake bilidin da shi, wato fitar da iska daga layin birki, a jikin kalifa, kaɗan kawai, fuska a nesa domin man yana da zafi. Abu biyu ne zai faru.

In mai ya feso da ƙarfi, taya ta saki nan take, to kalifa ba ta da laifi, an sa ka asarar kuɗi ne kawai. Man ne ya tafi bai samu hanyar dawowa ba. Wanda na fi zargi a nan shi ne tiyon roba da ke kai mai ga kalifa. A waje za ka gan shi sumul, amma a ciki ya saɓule: ƙarfin ƙafarka yana tura mai ya wuce, dawowa kuma ya gagara. Tsufa yana jawo haka. Matse tiyo da filaya lokacin gyara yana jawo haka, barin kalifa tana reto a jikinsa ma haka, kuma na sha ganin tiyon da aka murɗe wajen ɗaura kalifa. Don a tabbatar, a rufe nonon, a taka birki har ta sake kamawa, sannan a sassauta mahaɗin da ke sama da tiyon, inda ya haɗu da bututun ƙarfe. In ba ta saki ba sai da aka buɗe nonon, tiyo ne. In ta saki tun daga saman, matsalar tana gaba, wajen masta, wato famfon da fedal ke turawa ya aika mai zuwa tayoyi.

A cikin masta akwai 'yar ƙaramar kafa da mai ke bi ya koma tankinsa idan ka ɗauke ƙafa. In wani abu ya rufe ta, mai ya ɗumama ya kumbura, ba shi da wajen zuwa sai ya danna fad. Fad ya ƙara zafi, mai ya ƙara kumbura. Shi ya sa take yi maka a doguwar hanya, ba ta yi tsakanin Samaru da PZ. Abin da ke rufe kafar: fedal da ba ya dawowa har ƙarshe, makunnin fitilar birki da aka ɗaure shi ya tokare fedal, sandar busta (abin da ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi a bayan masta) da ta yi tsawo bayan an canza masta, datti, ko robobin da suka kumbura. Gwaji mai sauƙi: tana cikin riƙewa, a sassauta notina biyu da suka riƙe masta a jikin busta. In taya ta saki, sanda ce ko fedal. Sai dai fa masta ba kasafai yake kama taya ɗaya tak ba. A yawancin motocin da ke ja da tayoyin gaba, an haɗa layin birki a gicciye ne, bayan dama tare da gaban hagu. Saboda haka ka ji zafin gaban hagu ma. In shi ma ya wuce kima, zargin masta ya yi ƙarfi. Akwai kuma akwatin ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, bawul ɗinsa yana iya maƙalewa, amma shi nake sawa a ƙarshen layi. Duk wanda ya fara da cewa ka saye shi kafin a gwada tiyo, ka ɗauki motarka ka yi gaba.

In kuwa an buɗe nono taya ba ta saki ba, to ba maganar mai ba ce, ƙarfe ne ya cije. A cire kebul ɗin hambirki daga jikin kalifa a gani. A duba ko fad yana zamewa a mazauninsa da hannu, domin wanda aka buga da guduma ya shiga, in ya ji zafi ya buɗe, kafewa zai yi. Kuma kalifar da aka sa maka, sabuwa ce ko Beljiyam? In Beljiyam ce, tana iya zuwa da irin ciwon wadda aka cire.

Kada a manta da boris. Shi ma yana sa zafi, amma yawanci da gurnani da ke ƙaruwa da gudu, kuma zafin ya fi yawa a tsakiyar taya.

Duk wannan da na lissafa, mota tana iya haɗa biyu a lokaci ɗaya, tiyo ya lalace kuma fin ya kafe, ka gyara ɗaya ka ga sauƙi ba warkewa ba. Gwajin ma yana ruɗarwa in aka tsaya surutu har ta huce. Kada hankalinka ya tashi, a irin labarinka sau da yawa abin bai wuce tiyo ba, kuma yana cikin mafi arha a kayan birki. In za a canza, a canza hagu da dama tare, a yi bilidin sosai.

Hambirki yana da hannu a ciki?

Sosai. Kebul ɗinsa yana tsatsa a cikin rigarsa, ka sauke a ciki amma a ƙasa bai sauka ba. Masu motar otomatik da ba sa taɓa shi shekara da shekaru, ranar da suka ja, ranar yake kamawa. A riƙa amfani da shi.

Yaron gareji ya kasa mayar da fistin, yana ta matsawa. In bar shi?

Tsayar da shi. A motoci irin su Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 da Golf 4, hambirki a cikin kalifa yake, fistin ɗin murɗa shi ake yi yana shiga, ba turawa ba. In aka matsa da ƙarfi an lalata cikinsa. A Accord ɗin kuma akwai ɗan ƙulli a bayan fad na ciki da dole ya faɗa cikin tsagar fistin, in bai faɗa ba fad a karkace zai ci. Camry da Peugeot 406 masu dis a baya kuwa fistinsu turawa ake yi, hambirkinsu ƙananan lainin ne a cikin dis, su ma in an ɗaure su da yawa suna zafi. Mai hambirkin maɓalli, sai an janye shi tukuna, yawanci da kwamfuta.

Tawa dram ce a baya, ba dis ba.

A duba ajasta ko an ɗaure shi fiye da kima, a duba sifirin da ke dawo da lainin, da silinda ko tana yoyo, da kebul. Gwajin nono ɗaya ne.

Man birki ai ba ya ƙarewa, me ya sa kake cewa a canza?

Hajiya, ba ƙarewa ake gudu ba, ruwa yake sha daga iska. Ƙa'idar man birki nau'in DOT 3 sabo ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma in ya sha ruwa ma'aunin yana sauka zuwa 140. DOT 4 daga 230 zuwa 155. Birkin da ke riƙewa yana iya kai shi can, in ya tafasa kuwa fedal ƙasa zai tafi babu birki. Ruwan nan kuma shi ke sa fistin tsatsa daga ciki. A canza duk shekara biyu, da irin wanda aka rubuta a murfin tanki, daga gorar da ba a buɗe ba. DOT 5 ba a haɗa shi da waɗannan.

Masu zuba man sitiyari a tankin birki don "ai duk mai ne", ku ji tsoron Allah. A ɗaga murfin a duba robar ƙarƙashinsa. In ta kumbura ta yi laushi, duk wata roba da ke cikin layin haka take, kuma duka za a canza.

Tunda gefe ɗaya ne ya cinye, in canza shi kaɗai?

A'a. Hagu da dama tare. In naman fad ya sauka zuwa milimita 3, lokaci ya yi.

In sayi kit a gyara kalifar, ko in sayi wata?

A fito da fistin a gani. In fuskarsa sumul take, kit mai kyau ya isa. In tsatsa ta yi masa ramuka, gogewa da samfefa ba za ta cike su ba, zai yanke sabuwar roba. Dis ɗin da ya yi shuɗi ko ya tsattsage shi ma a auna shi, mafi ƙarancin kaurinsa yana rubuce a jikinsa.

Ina da ɗaurin aure a Kano gobe. Zan iya lallaɓawa?

Da iyali a ciki? Shiga motar haya.

An gama gyara. Sai me?

Kafin ka motsa, taka fedal sau da yawa har ya yi tauri, in ba haka ba takun farko babu komai a ƙasan ƙafarka. Ka ja hambirki ka sauke 'yan lokuta. Kwanakin farko ka guji taka birki da ƙarfi sai dole, har fad ya zauna a kan dis. Ka fita hanyar Shika ka dawo, ka sake kwatanta zafin hagu da dama. In har yanzu akwai bambanci, ka dawo da ita da zafinta.