Aikin Sa-Kai a Kwamitocin Ƙungiyar Likitoci: Tambayoyi da Amsoshi

Ƙungiyoyin likitoci da yawa, na ƙasa baki ɗaya da na masu ƙwarewa a fanni guda, sukan fitar da sanarwa duk shekara suna neman mambobin da za su ba da kansu domin shiga kwamitoci ko tsayawa takarar muƙamai. Likitoci da dama sukan karanta sanarwar su wuce, wasu saboda suna ganin fagen na manya ne, wasu kuma saboda ba a taɓa bayyana musu abin da ake yi a ciki ba.

Wace irin ƙungiya ake nufi, kuma ina bambancinta da hukumar da ke ba da lasisi?

Ana nufin ƙungiyar da likitoci suka kafa da kansu, suke biyan kuɗin zama mamba, suke kuma zaɓen shugabanninta. Hukumar ba da lasisi kuwa doka ce ke kafa ta, ita ce ke riƙe da rajistar waɗanda aka yarda su yi aikin likita, kuma tana da ikon cire sunan wanda ya saɓa. Tarihin Birtaniya ya nuna bambancin a fili: likita Charles Hastings ne ya jagoranci kafa ƙungiyar da daga baya ta zama Ƙungiyar Likitocin Birtaniya a shekarar 1832, alhali majalisar da ke kula da rajistar likitoci sai a 1858 wata dokar majalisar dokoki ta samar da ita. Ƙungiyar Likitocin Amurka ta kafu a 1847, ita kuma Ƙungiyar Likitoci ta Duniya a 1947, lokacin da likitoci daga ƙasashe 27 suka hallara a birnin Paris. Manyan ƙungiyoyi suna da ma'aikata masu albashi a sakatariya, amma yanke shawara yana hannun mambobi, kuma mafi yawan shawarwarin a kwamiti ake fara tsara su kafin su isa babban taro.

Mene ne ainihin aikin da ɗan kwamiti yake yi?

Akwai kwamitoci na dindindin waɗanda kundin tsarin mulkin ƙungiya ya tanada, kamar na kuɗi, na ɗa'ar aiki, na ilimi da horaswa, na shirya taron shekara-shekara, da na tantance 'yan takara. Akwai kuma na wucin gadi da ake kafawa domin aiki guda, su miƙa rahoto a rushe su.

Mafi yawan aikin karatu ne da rubutu. Kafin zama, sakatariya takan aiko da ajanda tare da rahoton zaman da ya gabata da takardun da za a tattauna, kuma wanda bai karanta su ba yakan zama ɗan kallo ne kawai a zauren. A kwamitin shirya taro, alal misali, ana raba wa kowane mamba taƙaitattun bayanan binciken da likitoci suka aiko, sau da yawa an ɓoye sunayen marubutan, shi kuma ya zauna da daddare bayan ya tashi daga aiki, ya auna kowanne bisa ma'aunin da aka ba shi: ko tambayar binciken tana da ma'ana, ko yawan majiyyatan da aka duba ya isa a gina hukunci a kansa, ko sakamakon ya yi daidai da abin da marubucin ya yi iƙirari. Makin da ya bayar yana cikin abin da zai sa a ba wani matashin likita damar tsayawa gaban jama'a ya gabatar da aikinsa, ko a mayar masa da shi.

Shin wannan aikin yana da wani tasiri a kan majiyyaci?

Yana da shi, kuma a ganina wannan ne babban dalilin da ya sa bai kamata a bar kujerun ga duk wanda ya fi kusa ba. Likitan da ke ɗakin duba marasa lafiya yana kula da mutum guda a lokaci guda, amma jimla ɗaya a cikin ƙa'idojin jinya da kwamiti ya rubuta tana iya sauya maganin da dubban likitoci za su fara rubutawa, ko shekarun da za a fara yi wa mutane gwajin wata cuta. Rubuta irin waɗannan ƙa'idoji yakan ɗauki watanni masu yawa: a tsara tambayoyin da ake son amsawa, a tattaro binciken da aka wallafa, a auna ƙarfin kowace hujja, a yi muhawara a kan kowace shawara, sannan a fitar da daftari domin sauran masana su yi gyara.

Haka abin yake a fannin ɗa'a. Sanarwar Helsinki, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta amince da ita a 1964, ita ce ta zama madogara ga kwamitocin da ke tantance binciken da ake yi a kan mutane a ƙasashe da yawa, musamman a kan sharaɗin cewa sai mutum ya amince bayan an yi masa cikakken bayani. An sake yi mata gyara a watan Oktoba na 2024, bayan wani kwamitin aiki ya shafe fiye da shekara biyu yana sauraron ra'ayoyi daga sassan duniya. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, kwamiti yana ganin abin da mambobinsa suka sani ne kawai. Idan duk waɗanda ke zaune sun fito daga manyan asibitocin koyarwa masu wadatar kayan aiki, za su iya rubuta ƙa'idar da likitan ƙaramin asibiti ba shi da hanyar aiwatarwa, kuma ba wanda zai ankarar da su sai wanda ya yi aiki a irin wannan wurin.

Ana biyan kuɗi?

Galibi ba a biya. Wasu ƙungiyoyi suna mayar da kuɗin tafiya da masauki, wasu kuma suna ba manyan zaɓaɓɓun shugabanni alawus saboda lokacin da muƙamin ke cinyewa. Ya kamata mutum ya tambayi tsarin ƙungiyarsa tun kafin ya amsa.

Yaya likitan da aiki ya riga ya yi wa yawa zai samu lokaci?

Da farko ya nemi takardar da ta fayyace aikin kwamitin, ya duba yawan zama a shekara, ko ta intanet ake yi ko sai an hallara, da tsawon wa'adi, wanda a ƙungiyoyi da yawa yake tsakanin shekara biyu zuwa uku. Bayan haka ya tambayi wani da ya taɓa zama a kwamitin game da aikin da ake yi tsakanin zama da zama, domin a nan nauyin yake, kuma ba kasafai ake rubuta shi a sanarwa ba. Ya kuma sanar da shugaban sashensa da wuri, saboda ranar zama za ta iya faɗawa a ranar aikin kwana ko ranar tiyata, kuma abokan aiki ne za su rufe gurbin. Kwamiti guda da aka riƙe da kyau ya fi uku da ake halarta jefi-jefi. A gyaran da aka yi wa Sanarwar Jeniba a 2017, wato alƙawarin likitoci da aka fara amincewa da shi a 1948, an ƙara cewa likita zai kula da lafiyarsa da walwalarsa domin ya iya ba da kulawa mai inganci, kuma wannan ya shafi aikin sa-kai kamar yadda ya shafi aikin asibiti.

Likitan da bai daɗe da fara aiki ba yana da gurbi?

Yana da shi. Ƙungiyoyi da yawa sun ware kujeru ga ɗalibai da likitoci masu neman ƙwarewa, kuma Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta kafa dandalin ƙananan likitoci tun 2010. A takardar nema, abin da ya fi jan hankalin masu tantancewa shi ne mutum ya ambaci kwamitin da yake so, ya faɗi matsalar da ya gani da idonsa a wurin aiki, da abin da zai iya kawowa, ko da iya lissafin ƙididdiga ne ko iya rubutu mai tsabta. Wanda ba a ɗauka a karon farko ba zai iya karɓar ƙaramin aiki, kamar tantance bayanan bincike ko rubuta rahoton zama, domin ta irin wannan ne ake gane wanda yake cika alƙawari a kan lokaci.

Me ya sa ake neman mutum ya bayyana alaƙarsa da kamfanoni?

Saboda amanar da aka ba ɗan kwamiti tana iya cin karo da amfanin kansa. Likitan da kamfanin haɗa magunguna ya ba kuɗin bincike, ko ya biya shi domin gabatar da lacca, ko yake da hannun jari a kamfanin, zai iya kasancewa mai gaskiya ƙwarai, amma duk da haka ba daidai ba ne ya kaɗa ƙuri'a a kan ko maganin wannan kamfanin ne za a sa a gaba. Hukunci yana karkata ba tare da mai shi ya sani ba, kuma ko bai karkata ba, zargi kaɗai ya isa ya zubar da darajar ƙa'idar a idon masu aiki da ita. A 2011, Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar da rahoto kan yadda za a samar da ƙa'idojin jinya abin dogaro, inda ta ba da shawarar kada shugaban kwamitin ya kasance yana da irin wannan alaƙa, kada masu ita su zama masu rinjaye a cikin mambobi, kuma kada masu ba da kuɗi su sa baki a aikin. A aikace, mutum yana cika fom kafin a naɗa shi, yana sabunta shi idan wani abu ya sauya, kuma idan aka zo kan batun da ya shafe shi sai ya faɗa a rubuta a rahoton zama, ya janye daga ƙuri'a, wani lokaci ma ya fita daga zauren har a gama. Abin da ke jawo wa mutum da ƙungiya abin kunya shi ne alaƙar da aka ɓoye har wani ya bankaɗo ta daga baya.

Ta yaya ake kaiwa ga shugabancin ƙungiya?

Hanyar da aka saba ita ce daga ɗan kwamiti zuwa shugaban kwamiti, daga nan zuwa majalisar gudanarwa ko muƙamin sakatare ko ma'aji. Ƙungiyoyi da dama suna bin tsarin shekara uku, inda mutum yake yin shekara guda a matsayin zaɓaɓɓen shugaba mai jiran gado, shekara guda a kan kujera, sannan shekara guda a matsayin tsohon shugaba mai ba da shawara, domin kada aiki ya yanke a lokacin miƙa mulki. Dakta Osahon Enabulele, wanda ya shugabanci Ƙungiyar Likitocin Najeriya, ya bi ta wannan tsarin ya zama shugaban Ƙungiyar Likitoci ta Duniya a 2022.

Ƙofar ba ta kasance a buɗe ga kowa ba a tarihi. Likitoci baƙar fata a Amurka sun kafa tasu ƙungiyar a 1895 saboda wariyar da ta hana da yawansu shiga wadda ke akwai, kuma sai a 2008 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta nemi afuwa a kan hakan. Ita Ƙungiyar Likitocin Amurka ba ta samu shugaba mace ba sai a 1998, lokacin da Dakta Nancy Dickey ta hau kujerar. Shi ya sa nake ganin kwamitin tantance 'yan takara ya cancanci kulawa fiye da yadda ake ba shi, domin idan mambobinsa suka tsaya ga waɗanda suka sani kaɗai, sunaye iri ɗaya ne za su riƙa dawowa.

Idan mutum ya ga ba zai iya ci gaba ba fa?

Ya sanar da shugaban kwamitin a rubuce, ya ba da isasshen lokaci, ya kammala ko ya miƙa duk aikin da ke hannunsa tare da takardunsa. Wannan ya fi a riƙa ganin sunansa a jerin mambobi alhali ba ya zuwa, saboda kowane kwamiti yana da mafi ƙarancin adadin mahalarta da sai an cika shi kafin shawara ta halatta, kuma rashin zuwan mutum biyu ko uku yana iya sa a ɗage batu har zuwa zama na gaba. Ƙungiyoyi da yawa ma sun tanadi cewa wanda ya yi fashin zama sau da dama a jere ba tare da uzuri ba ya rasa kujerarsa, a naɗa wani ya ƙarasa wa'adin.